Yadda Ƙarancin Iskar Oksijin Ke Haddasa Hawan Jini A Huhun Karnuka

Da zarar an kammala girbi a ƙasar Kontagora, ciyawa ta bushe, hazon hunturu ya sauko, sai lokacin farauta ya kama. A ƙauyukan masarautar, daga Mariga zuwa Rijau da Mashegu, karen farauta dukiya ne. Shi ke tayar da zomo da gafiya, shi ke bin sawun gada, kuma idan dare ya yi shi ke gadin gida da garke. Wannan ne kuma lokacin da ƙura da hayaƙin ƙunar daji suka fi cika iska, lokacin da ake ganin kare mai kuzari ya fara tari, yana gajiya da wuri, wani lokaci ma ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar gudu.

Abubuwa da yawa na iya jawo haka. Ɗaya daga cikinsu, wanda ba a cika saninsa ba a wajen asibitocin dabbobi, shi ne hawan jini na huhu. Ya bambanta da hawan jinin da aka saba aunawa a dantsen mutum, kuma ƙarancin iskar oksijin na cikin manyan abubuwan da ke haddasa shi.

Hanyoyin jini biyu a jiki ɗaya

Zuciyar kare, kamar ta mutum, famfo biyu ce a haɗe. Ɓangaren hagu yana tura jini zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da ƙafafu da sauran sassan jiki. Tafiya ce mai nisa, don haka yana bugawa da ƙarfi. Ɓangaren dama kuwa huhu kaɗai yake kai wa jini, domin jinin ya sauke gurɓatacciyar iska ya ɗauki oksijin. Huhu na dab da zuciya, jijiyoyinsa masu laushi ne kuma suna buɗewa cikin sauƙi, saboda haka ba a buƙatar ƙarfi mai yawa.

Likitoci na auna matsin jini da milimita na zaiba, abin da suke taƙaitawa da mmHg. A jikin lafiyayyen kare, matsin jinin da ke zaga jiki yakan kai 120 zuwa 140 a lokacin da zuciya ta matsa. A babbar jijiyar huhu kuwa, matsakaicin matsin bai cika wuce 10 zuwa 15 ba. Idan ya haura 25 ya tsaya a nan, an shiga hawan jini na huhu. Saboda aikinsa mai sauƙi ne, bangon ɗakin zuciya na dama siriri ne, kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon hagu. Wannan sirantar ce ke sa ya kasa jure nauyi idan matsin huhu ya tashi.

Jijiyoyin da ke tsukewa maimakon buɗewa

A yawancin sassan jiki, idan oksijin ya yi ƙaranci jijiyoyin jini buɗewa suke yi, domin a ƙara kawo jini inda ake buƙata. Tsokar cinyar kare da ke gudu haka take yi. Huhu ya saɓa wa wannan tsari: idan oksijin ya ragu a ƙananan jakunkunan iskar da ke wani yanki nasa, ƙananan jijiyoyin da ke kai jini yankin tsukewa suke yi.

Akwai hikima a ciki. Manomin rani da ke da famfo ɗaya da kwamai goma, idan ya ga kwami ɗaya shukarsa ta mutu, yakan toshe hanyar ruwan da ke shiga cikinsa, ya juya ruwan zuwa sauran tara. Haka huhu ke yi. Idan majina ko ruwa ko kumburi ya toshe wani lungu, tura jini can ɓarna ce, domin zai koma zuciya ba tare da ya ɗauki oksijin ba. Tsukewar jijiyoyin na juya jinin zuwa inda iska ke shiga sosai, ta haka jinin da ke fita zuwa jiki ya ci gaba da ɗaukar oksijin gwargwadon hali.

Matsalar na tasowa idan ƙarancin ya game huhu baki ɗaya. A nan babu wani kwami mai kyau da za a juya ruwan zuwa gare shi. Duk hanyoyin sun ƙuntata a lokaci guda, famfo kuma yana nan yana turo ruwa daidai yadda ya saba. Sakamakon shi ne matsi ya tashi a cikin bututu, injin kuma ya shiga wahala.

A bangon waɗannan ƙananan jijiyoyi akwai siraran tsokoki da suka zagaye su kamar zobe. Su da kansu suke jin raguwar oksijin, ba sai ƙwaƙwalwa ta aiko da umarni ba, shi ya sa ko huhun da aka cire daga jiki aka riƙe a ɗakin gwaji yakan yi wannan tsukewa. Idan oksijin ya ragu, ƙofofin da sinadarin fotashiyam ke fita ta cikinsu a jikin ƙwayoyin tsokar suna rufewa, sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, tsokar ta ɗaure. Abin yakan fara cikin daƙiƙoƙi, ya yi ƙarfi cikin mintuna, kuma idan oksijin ya dawo da wuri jijiyoyin su saki.

Kowane ɗan kwikwiyo da wannan tsari yake zuwa duniya. A cikin mahaifa huhunsa ba ya shaƙar iska, jijiyoyinsa a tsuke suke, jini kaɗan ke ratsa su. Numfashin farko bayan haihuwa ne ke cika huhun da iska, jijiyoyin su buɗe, jini ya fara bi ta ciki sosai.

Yadda aka gano lamarin

Karnuka na da matsayi a tarihin wannan ilimi. A shekarar 1894, wasu masana biyu a birnin Landan, Bradford da Dean, sun lura cewa matsin jinin babbar jijiyar huhu yana tashi a jikin karnuka idan numfashinsu ya katse. A 1946, Ulf von Euler da Göran Liljestrand na cibiyar Karolinska da ke Sitokholm a ƙasar Suwidin suka yi gwaji a kan kyanwoyi, suka nuna cewa ƙarancin oksijin ne da kansa ke tsuke jijiyoyin, suka kuma bayyana amfanin hakan wajen daidaita jini da iska. Har yau ana kiran tsarin da sunayensu. Shekara guda bayan haka, a 1947, ayarin André Cournand a birnin Niyok ya tabbatar da abin a jikin mutane ta hanyar zura siririn bututu har cikin zuciya. Wannan dabara ta bututu ce ta sa Cournand da Dickinson Richards da Werner Forssmann suka sami kyautar Nobel a 1956.

A 1981, Bryan Marshall da abokan aikinsa a Jami'ar Pensilbeniya ta Amurka suka wallafa binciken da suka yi a kan karnuka, inda suka riƙa rage oksijin a yanki ƙarami na huhu, sannan a yanki babba. Sun gano cewa idan yankin ƙarami ne, jini mai yawa na kauce masa, matsin kuma ba ya tashi sosai. Idan yankin ya faɗaɗa, kaucewar na raguwa, matsin na ƙaruwa. Wannan shi ne misalin manomin rani a cikin alƙaluma, kuma likitocin da ke sa marasa lafiya barci a lokacin tiyatar ƙirji suna aiki da wannan sani har yanzu.

Ba duk dabbobi ne daidai ba

Ƙarfin tsukewar ya bambanta daga dabba zuwa dabba. Shanu da aladu na da tsoka mai kauri a jijiyoyin huhu, don haka nasu martanin mai tsanani ne. A 1915, Glover da Newsom sun bayyana wata cuta a shanun da ake kiwo a tsaunukan Kolorado na Amurka, inda ruwa ke taruwa a ƙasan ƙirjin saniya har ya kumbura, zuciyarta ta gaza. Daga baya aka gane cewa sirantar iskar kan tsauni ce ke tsuke jijiyoyin huhunsu. Karnuka da tumaki na cikin dabbobin da martaninsu ya fi sauƙi.

Duk da haka kare bai kuɓuta ba. Masu bincike na Jami'ar Zurik a ƙasar Suwizalan sun auna karnukan da ke zaune a tsayin mita 2,300 sama da teku, suka tarar matsin huhunsu ya ɗara na karnukan ƙasa, kodayake suna ci gaba da aikinsu. A tudun Tibet kuwa, inda mutane da dabbobi ke rayuwa a tsayin da ya haura mita 4,000, manyan karnukan makiyaya na ɗauke da wani sauyi a ƙwayar gado mai suna EPAS1 da ke taimaka musu jure ƙarancin oksijin, kuma bincike ya nuna cewa daga kyarkecin yankin suka gaje shi.

A kan tsauni, kason oksijin a cikin iska yana nan a kashi 21 cikin 100, nauyin iskar ne ke raguwa, sai kowane numfashi ya shigar da oksijin kaɗan. A Nijeriya, Jos na kan tsayin kusan mita 1,200, tudun Mambila a Jihar Taraba kusan mita 1,600, ƙololuwar Chappal Waddi kuma mita 2,419. Kontagora ba ta kai mita 500 ba. Ma'ana, karen Kontagora ba ya rasa oksijin saboda tsayin ƙasa. Idan ya rasa, daga cikin ƙirjinsa matsalar take.

Abin da ke hana huhun kare samun iska a nan

A 2020, Kwalejin Likitocin Cututtukan Cikin Jikin Dabbobi ta Amurka ta fitar da jagora kan hawan jinin huhu a karnuka, ta kasa musabbabansa gida shida. Rukuni na uku shi ne cututtukan numfashi da ƙarancin oksijin, na biyar kuma tsutsotsi. Waɗannan biyun ne suka fi shafar karnukan karkara a yankuna masu zafi.

Na farko shi ne ciwon huhu da ya daɗe. Cutar distamfa, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa kuma ta fi kama 'yan kwikwiyon da ba a yi wa allura ba, takan zo da zazzaɓi da kwantsa da majina, ta buɗe ƙofa ga namoniya. Karen da ya tsira na iya rayuwa da huhu mai tabo. Ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Hamada, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana da laushin da take kutsawa har ƙarshen hanyoyin iska. Idan aka haɗa ta da hayaƙin dajin da ake cinna wa wuta domin fitar da namun daji, kare mai tsohon tari na shiga mawuyacin hali, ga shi kuma shi ne ke gaba, hancinsa a ƙasa, cikin toka da hayaƙi.

Na biyu shi ne tsutsar zuciya, wadda sauro ke yaɗawa daga kare zuwa kare. Ana samunta a ƙasashe masu zafi, ciki har da nahiyar Afirka, kuma duk inda ruwa ke kwanciya, kamar bakin Kogin Kontagora da fadamu da kududdufai a damina, sauro na samun wurin hayayyafa. Tsutsar na ɗaukar wata shida zuwa bakwai kafin ta girma, macen na iya kai santimita 30, kuma tana iya rayuwa shekara biyar zuwa bakwai. Duk da sunanta, a cikin jijiyoyin huhu ta fi zama. Tana gurje bangonsu, ta sa su kauri, gutsattsarin matattun tsutsotsi kuma su toshe ƙananan rassa. Yankunan da suka lalace na rage oksijin a jini, matsin ya daɗa tashi.

Na uku ya shafi karnukan ƙasashen waje masu gajeren hanci da ake ajiyewa a gidajen birni. Hancinsu da maƙogwaronsu a ƙuntace suke tun haihuwa, shi ya sa suke minshari, kuma a zafin watannin Maris da Afrilu sukan sha wahalar numfashi. Ƙiba mai yawa na ƙara dagula lamarin. Akwai kuma tsofaffin ƙananan karnuka da ƙofar jini ta ɓangaren hagu na zuciyarsu ke yoyo, jini ya taru ya koma baya zuwa huhu. Wannan rukuni ne dabam, maganinsa ma dabam.

Ya kamata a bambanta wannan duka da ƙarancin jini. Kaska da tsutsar hanji na shanye jinin karnuka ko su fasa ƙwayoyinsa, dasashi ya yi fari, kare ya riƙa haki. A irin wannan hali iska na isa huhu yadda ya kamata, abin ɗaukar oksijin ne ya yi ƙaranci. Alamomin na kama da juna a ido, amma hanyar magani ta sha bamban, kuma gwajin jini ne ke raba gardama.

Idan abin ya daɗe

Tsukewar sa'o'i ko kwanaki kaɗan na warwarewa. Idan ƙarancin oksijin ya ɗauki makonni da watanni, ginin jijiyoyin da kansa ke sauyawa. Tsokar bango na ƙara kauri, tana bazuwa zuwa ƙananan rassan da a da ba su da tsoka, hanyar jini ta ƙuntata ƙuntatar da ba ta saki ko da oksijin ya dawo. Ƙoda kuma, da ta ji ƙarancin, tana sakin sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini. Jinin na ɗaukar oksijin da yawa, amma yana yin kauri, turawarsa ta ƙara wuya.

Ɗakin zuciya na dama na fara mayar da martani da ƙara kaurin bangonsa. Daga baya sai ya gaji, ya buɗe, ƙofar da ke tsakaninsa da ɗakin sama ta fara yoyo. Jini ya taru a baya, a hanta da manyan jijiyoyin ciki, ruwa ya tsattsafo ya cika ciki. Karen da ya rame a ƙugu da haƙarƙari amma cikinsa ya yi tulu, sau da yawa ana ɗauka tsutsar ciki ce ko guba ya ci, alhali gazawar ɓangaren dama na zuciya na iya zama sanadi.

Faɗuwa a lokacin gudu ma daga nan take. Tsokoki na neman ƙarin jini, amma zuciyar dama ta kasa tura isasshe ta cikin ƙuntataccen huhu, sai abin da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, kare ya suma na ɗan lokaci ya farfaɗo.

Alamomin da mai kare zai lura da su

Gajiya da wuri ita ce kan gaba: karen da ya saba jan ayari ya koma baya, ko ya nemi inuwa tun hantsi bai yi ba. Sai tari mai daɗewa, da numfashi da ƙyar ko yana kwance, da suma bayan gudu ko zumuɗi, da kumburin ciki. Harshe da dasashin lafiyayyen kare jajaye ne masu haske. Idan suka koma shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, oksijin ya yi ƙasa ƙwarai, kuma lamarin na gaggawa ne.

Haki bayan gudu ko cikin zafin rana ba ciwo ba ne, domin da shi kare ke sanyaya jikinsa. Awon da ya fi amfani shi ne na lokacin barci. A ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa cikin minti ɗaya. Lafiyayyen kare bai cika kai 30 ba. Idan adadin ya riƙa wuce haka kwana bayan kwana, a nemi likitan dabbobi.

Gwaji da magani

Awo mafi inganci shi ne zura bututu har jijiyar huhu, amma ba kasafai ake yi wa karnuka haka ba. Abin da aka fi amfani da shi shi ne na'urar hoton zuciya mai aiki da sauti. Likita na auna saurin jinin da ke yoyo baya ta ƙofar dama, ya ninka adadin da kansa, ya sake ninkawa sau huɗu, ya sami kiyasin matsin. Saurin mita 3.4 a daƙiƙa, misali, na nuna kusan 46, kuma jagorar 2020 ta ɗauki abin da ya haura wannan a matsayin babbar alama. Ana haɗawa da hoton ƙirji da gwajin jini na tsutsar zuciya. Irin waɗannan na'urori an fi samunsu a asibitocin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato, don haka likitan da ke kusa ne zai fara duba kare ya yanke shawarar ko a tura shi gaba.

Magani na farawa da tushen matsalar: a magance namoniya, a kashe tsutsa bisa tsari, a rage ƙiba, a ba da oksijin idan hali ya tsananta. Domin sassauta jijiyoyin huhu, maganin da aka fi bai wa karnuka shi ne sildenafil, sinadarin da ke cikin Viagra, wanda aka amince da shi a 2005 domin hawan jinin huhu na mutane. Samunsa a kantin magani ba ya nufin mai kare ya ba da shi da kansa. Idan matsalar daga ɓangaren hagu na zuciya take, buɗe jijiyoyin na iya cika huhu da ruwa. Haka nan allurar ivermectin ta shanu da wasu ke yi wa karnuka da ka: adadi mai yawa na iya zama guba, kuma a jikin karen da jininsa ke cike da 'ya'yan tsutsa, mutuwarsu a lokaci guda na iya kayar da shi. Magungunan ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen na lalata ciki da ƙodar kare.

Karen da ake yi wa maganin tsutsar zuciya dole ya huta makonni, a ɗaure ko a killace, domin gudu na iya tura matattun tsutsotsi su toshe huhu. Ga mafarauci, wannan na nufin haƙura da shi tsawon wani ɓangare na lokacin farauta.

Rigakafi ya fi sauƙi, ya fi araha. A yi wa 'yan kwikwiyo allurar distamfa da sauran cututtukan ƙuruciya tun suna makonni shida zuwa takwas, a maimaita yadda likita ya tsara, a haɗa da allurar haukan kare, wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, da aka kafa a 1924, ke cikin masu samar da ita. A nemi maganin kariya daga tsutsar zuciya na wata-wata bayan an gwada jinin kare. A nisanta makwancinsa daga murhu da janareto da ruwan da ke kwance. Karen da ke tari kuwa a bar shi gida a ranar da hazo ya yi kauri ko za a bi dajin da aka ƙona.

Wannan tsari na tsukewar jijiyoyi ɗaya ne a huhun kare da na mai shi. Hayaƙin itace a rufaffen ɗakin girki, da tsohon tarin fuka, da cutar sikila, da tsargiya da ake kamuwa da ita a ruwan tafki da madatsu, duk suna cikin abubuwan da ke jawo wa mutane hawan jini na huhu. Mutumin da ke yawan haki idan ya yi 'yar tafiya, ko ƙafafunsa ke kumbura, yana buƙatar a duba zuciyarsa da huhunsa a asibiti ko da awon dantse ya nuna jininsa bai hau ba.